Igiyar da Ka Kwance a Kan Gawo

Yaya Sale,

Sallama da gaisuwa. Na san ƙasa ba ta karatu, amma in ban rubuta ba zan fashe.

Inna tana nan, ta rage magana. Rani ya kai wuya a Gafasa, shanunka haƙarƙari a waje. Baffa ya ce gobe ni zan hau gawo in saro musu ganye. Wannan gawon dai na bakin fadama, wanda ya kayar da kai.

Jiya a teburin mai shayi Ɗanliti direban keke ya kunna wani bidiyo a wayarsa. Wani Bature ne aka ɗaga a ƙaton balan-balan, ya wuce inda jiragen sama ke bi, sannan ya diro. Wai so yake a ce babu wanda ya taɓa faɗowa daga nesa kamarsa. Ka ji aikin wanda ya ƙoshi! Na je na karanta labarin da kaina. Rigar da ke ba shi iska, lema a baya, wata lemar ko da ta farko ta ƙi buɗewa, likitoci a ƙasa suna jira. An ɗaure shi tamau kamar kayan amarya a mota. Ba saniyar da ke jiransa, ba wanda zai kwana da yunwa in ya fasa.

Da ka ga su Ɗanliti! Baki buɗe, suna ta salati, wai wannan shi ne namijin duniya. Su ɗin nan ne fa, ranar da ka ɗaura igiya a ƙugu kafin ka hau, suka ce ga akuyar Inna an ɗaure ta a turke. Wai ɗan Fulani ba ya hawa da igiya. Wane ne a cikinsu ya taɓa hawan ko zogale? In Bature ya ɗaure kansa jarumi ne, in kai ne ragon maza?

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Har da ni a dariyar. Tawa ma ta fi ƙarfi. Ka leƙo daga sama, ka dube ni, ka kwance igiyar ka jefo mini. Tana hannuna reshen ya karye. Me ya sa ka kula maganar wawaye, Yaya? Me ya sa ka kula tawa?

A wajen zaman makoki suka cika tabarma, suna cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne. Amma ba wanda ya ambaci igiya, har ni.

Gobe zan hau, don shanu ba sa cin tsoro. Zan yi ƙulli biyu a ƙugu, ɗaya a reshe. Na aika wa Ɗanliti ya zo da wayarsa ya ɗauka. Duk wanda ya buɗe haƙora, zan sauko in miƙa masa gatarin.

Allah ya ji ƙanka, ya sa ka huta. Ka yafe mini.

Ƙaninka mai baƙin baki,
Iro