Baba Zai Bi Jirgin Kaya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da ɗan jaririnmu. Yaya jikin nasa? Na yi murna da kika ce an fito da shi daga kwalbar asibiti, har ya fara kama nono da kansa. Allah ya ƙara masa ƙwari. Mu nan lafiya lau, in ban da ciwon kan da kika jawo mini.

E, ke kika jawo. Tun ranar da kika turo hoton yaron nan Baba ya kafe sai ya je ya ɗauki jikansa da hannunsa. Ya ce shekara da shekaru yana roƙa miki haihuwa, ba zai ƙare da kallon jika a gilashin waya ba. Na tuna masa cewa likitan da ya yi masa aikin huhu ya hana shi hawa jirgin sama. Na ɗauka magana ta mutu. Ashe majalisarsu ta tsofaffin direbobi ya kai ta, can wani ya tsegunta masa cewa jiragen ruwa masu dakon kwantena suna da 'yan ɗakunan da suke ba fasinja. Ya dawo gida baki har kunne, wai shi da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tirela, me zai ba shi tsoro a jirgin kaya? Ai tirela ce da ta koyi iyo.

Na raka shi ofishin da ke shirya irin wannan tafiya, da fatan in ya ji wahalar da kunnensa zai haƙura. Ofishin yana saman wani shagon tayoyi, ɗaki ɗaya ne, da fanka mai kuka da taswirar duniya da rana ta cinye rabinta. Mutumin ofis ya zayyana mana komai. Tafiyar ta fi wata guda a kan ruwa. Babu likita a jirgin, don haka sai an kawo takardar lafiya. Ga allurar rigakafi, ga inshora, ga bizar ƙasashen da jirgin zai yada zango ko da Baba ba zai leƙa waje ba. Waya ba ta aiki a tsakiyar teku. Kuma dole fasinja ya iya hawa tsanin jirgi da ƙafarsa, tsanin da ya kai tsawon bene. Duk wahalar da ya ambata sai in saci kallon Baba, shi kuwa sai gyaɗa kai yake kamar ana yi masa albishir. Tambaya ɗaya ya yi, wai ko ana barin fasinja ya zauna kusa da direba.

Da na tambayi ranar tashi, mutumin ya ce jirgin kaya ba ya yanke rana, sai mun ji daga jirgi. Ya yi ta nanata wannan maganar har na raɗa masa suna Sai-mun-ji.

Yaya, don Allah ki kira Baba ki hana shi. Maganarki yake ji, ni har gobe yarinya ce a idonsa. Ki ce ya jira yaron ya yi ƙwari ki kawo shi da kanki.

Ki gaishe da maigidanki, ki shafa mini kan yaron.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, yaro yana ta ƙiba. Baba yana gaishe ku.

Na gode da kiran da kika yi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji yadda kika hana shi: kin yi kuka, kin ce kina kewarsa, kin tambaye shi wane ɗaki yake so a gyara masa. Sannu da ƙoƙari.

Ni yanzu na zama 'yar aiken ofisoshi. Hoton da muka kai wurin biza an ce kunnen Baba bai fito ba. Muka sake, aka ce yana murmushi. Muka sake, ya ɗaure fuska har mai hoton ya tambaye ni ko an yi mana rasuwa. Mai kantin maganin da nake wa aiki ya fara tambayata da safe ko yau aiki na zo ko gaishe shi.

Mun samu takardar likita, na ce alhamdulillahi. Sai Sai-mun-ji ya kira ya ce an ɗaga tafiya, jirgin yana can wata tasha yana jiran layi. Aka jima ya sake kira, wai kaya bai cika ba. Abin da bai gaya mana tun farko ba shi ne takardar likitan wata ɗaya take yi ta mutu. Ta mutu kuwa, a cikin jakata. Bizar ƙasarku ma kwanakinta tafiya suke, ba ruwanta da jiran layi.

Akwati biyu aka yarda ya ɗauka. Na shirya masa magunguna da rigunan sanyi da takalmi mai roba a ƙasa, saboda an ce daɓen jirgi yana da santsi. Na dawo daga aiki na tarar ya kwashe rigunan sanyin ya zuba sifanoni da fulaya da igiyar jan mota. Wai bai taɓa yin doguwar tafiya babu kayan gyara ba, in inji ya tsaya a tsakiyar ruwa wa zai tura? Na ce Baba, injin nan fa ya fi gidanmu girma. Ya ce kowane inji da noti aka ɗaure shi. Na mayar da rigunan, ya fitar, na mayar. Yanzu makullin akwatin yana wuyana.

Gwaggo kuma kullum sai ta zo da sabon labarin jirgin da ya nutse, ta share hawaye, sannan ta ajiye saƙon da za a kai miki. Jiya wata ƙatuwar tukunya ta kawo. Ki gaya mata kuna da tukunya a can, ni na gaji.

Kowace safiya Baba yana zuwa benen maƙwabta yana koyon hawa tsani, da jaka a baya. Mutanen benen sun ɗauka sabon maigadi aka kawo, har wata ta ba shi ajiyar makulli. Ni kuma ina tsaye a ƙasa riƙe da maganin shaƙarsa, ina sauraron numfashinsa yana fita kamar ana zuga wuta. Ke kina can kina gyara ɗaki.

Ki huta lafiya. A gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan zazzaɓin rigakafin da ya kama yaron ya sauka. Mu ma lafiya.

Sai-mun-ji ya ba da sabuwar rana, saboda haka muka koma asibiti neman wata takardar. Likitan farko ya tafi hutu, wata likita muka tarar, mai ƙarancin magana. Ta auna jinin Baba, ta sa ya hura wani bututu, sannan ta ce ya jira a waje, ni in tsaya. Ta tambaye ni tsakani da Allah yaya numfashinsa yake a gida, don ita ba za ta sa hannu ta tura tsoho inda babu likita ba sai ta tabbata.

Yaya, kalma ɗaya ce tsakanina da hutu. Da na ce yana shan wahala, shi ke nan, ba za ta sa hannu ba, biza ta mutu kafin a sake wani shiri, Baba ya zauna a gida inda idona yake kansa. Har na buɗe baki. Sai na hango shi ta taga yana zaune a bencin baranda, ya miƙe baya, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran gwajin lasisi. Ya aske gemu saboda zuwan nan, har ya yanke kansa a haɓa.

Na gaya mata gaskiya, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce in yana hawa bene yakan tsaya a tsakiya ya dafa bango, ya huta, sannan ya ƙarasa, kuma bai taɓa komowa daga rabi ba. Ta tashi ta ce ya hau benen asibitin tana biye da shi. Ya tsaya a tsakiya kamar yadda na faɗa. Ya ƙarasa. Da suka kai sama ya juyo ya tambaye ta ko tana so ta ɗan huta. Ta yi dariya, ta sauko ta sa hannu.

Na fito ina jin haushinta, ina jin haushinsa, ina jin naki, har da na kaina. Da muka kusa gida sai ya ce, "Na san ta tambaye ki." Ya tsaya a shago ya saya mini lemo mai sanyi kamar lokacin da nake firamare. Na sha, amma ban huce ba.

Ki ci gaba da addu'a. Ki gaishe da maigidanki.

Taki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya baki ɗaya. Ni ma jikina lafiya.

Baba ya tafi. Na san kina lissafin sai mako mai zuwa, mu ma haka muka sani. Shekaranjiya da hantsi ina kanti ina ba wata mata maganin tari Sai-mun-ji ya kira. Jirgin da ya yi ta ja mana rai ya iso da wuri, yana loda kaya, kuma ba zai kwana ba. A kawo Baba ƙofar tashar jiragen kafin la'asar, in ba haka ba ya tafi ya bar shi.

Ban san yadda na isa gida ba. Na tarar da wankinsa a jiƙe a kan igiya, haka na cusa shi a leda. Ba mu yi sallama da Gwaggo ba, ba mu yi da kowa ba. Hanyar tasha kuwa tireloli sun cushe ta, Baba yana leƙe ta taga yana gaya wa mai tasi duk direban da bai iya juya kan mota ba.

A ƙofa aka ce 'yan rakiya iyakarsu nan, wata ƙaramar bas za ta shiga da shi. Mai tsaron ƙofa ya ce a kawo fasfo. Baba ya lalube aljihu ya ce babu, wai ya sa a akwati don kada ya ɓata. Na durƙusa a kan kwalta cikin rana, na buɗe akwatunan nan biyu, na zazzage duk abin da na yi makonni ina ninkewa. Mutane suna kallo, direban bas yana danna hon. Ina cikin haka sai Baba ya ce af, ga shi nan a aljihun 'yar cikinsa.

Na tura kayan yadda na samu, na danne akwatin da gwiwa, na ɗago na ce, "Baba, wallahi ka gajiyar da ni!" Da ƙarfi na faɗa, kowa ya ji. Ya dube ni ya ce, "Na sani, Auta." Aka jefa akwatunan a bas, aka kama hannunsa ya hau, ƙofa ta rufe. Bas ɗin ta shige tsakanin kwantenoni, ban sake ganinta ba.

Ka gajiyar da ni. Da wannan na sallami ubana zuwa teku. Ban ce Allah ya kiyaye hanya ba, ban ce ya yafe mini ba. Na kira wayarsa har ta gaji da ƙara, ina jin tana ƙasan akwati inda na cusa ta da hannuna. Na tsaya a jikin shingen waya har aka kore ni, ko hayaƙin jirgin ban gani ba. Yanzu kuma sun yi nisa, layi ba ya shiga.

Gidan ya yi mini faɗi. Jiya na dafa abincin mutum biyu.

Ga abin da nake so da ke. Ranar da zai sauka, kada ki tura maigidanki shi kaɗai, ki je da kanki. Na san zai sauko yana miƙo hannu a ba shi jikansa. Kada ki ba shi tukuna. Ki fara kirana ki sa masa waya a kunne. Yaron nan ya jira wata da watanni, zai iya ƙara minti biyu. Ina da magana da Baba.

Allah ya kai mana shi lafiya. Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Auta