Durƙuson da Na Yi a Filin Motoci

Zuwa ga Sadiƙu, daga mahaifiyarka a Samaru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya a duk inda Allah ya ajiye ka, amin.

Maman Rahila ce ke rubutawa, maƙwabciyarmu malamar firamare. Ni ina faɗa, ita tana dannawa a waya. Ta ce za ta sa inda jama'a ke gani, ko Allah zai sa wani ya san inda kake ya nuna maka. Sunan da ke sama ita ta sa da hannunta. Ka san bakina bai taɓa kama sunanka ba, kai ne ɗan fari.

Wata uku ke nan da fitarka. Wayarka a kashe. Ko mashin ya tsaya a ƙofar gida sai in ce shi ke nan, labarinka aka kawo.

Ta ce in faɗi komai tun daga farko saboda masu karantawa. To bari in faɗa, akwai ma abin da kai ba ka sani ba.

Shekara da shekaru kana aiki a gidan rediyo, kai ke karanta tallar masu sayar da motoci. Da an gama labaran safe sai muryarka ta shigo: "Ku zo ku zaɓa, 'yar Kwatano ce kamar sabuwa, ba ta san ramin titi ba!" Mata su zo sayen waina su ce, "Iya, ga ɗanki can yana zuba." In ɗaure fuska in ce, "Wane ɗa? Miƙo kwano." Kai ma kana tsammanin ba na saurara. Rediyon tana nan ƙarƙashin bencina, na rufe ta da zane. Ko rana ɗaya ba ka wuce ni ba.

Sai gari ya fara canzawa. Ni ban san dala ba, ban san kwastan ba, ji nake ana faɗa. Abin da idona ya gani shi ne malaman jami'a da ke tsayawa da mota su sayi waina sun koma sauka daga keke. Wani ma a ƙafa, jaka a hammata. A layinmu kaɗai mota biyu aka ɗora kan bulo, kaji na ƙwai a ƙarƙashi. Mijin Maman Rahila da ke ɗinkin kujerun mota a Chikaji, aka ce su zauna a gida sai an neme su. Har yau ba a neme su ba.

Wata Litinin aka gama labarai, na kasa kunne, sai aka sa kiɗa. Na ce batir ne. Na sayi sabo. Washegari kiɗa, jibi kiɗa. Kai kuwa kullum sai ka goge kaftani ka sa hula, ka durƙusa ka gaishe ni ka fita. To me zan ce? Na ce rediyon ce ta tsufa, ta daina kamo ka.

Na ɗaure ta a ɗankwali na hau mota har kasuwar Sabon Gari, wurin Inyamurin nan mai gyara da aka haifa a Muchia, Hausarsa ta fi tawa. Na ce masa kowa tana kamowa ban da mai tallar mota. Ya murɗa, ya saurara, ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Mama, rediyonki lafiyarta ƙalau. Mutumin ne babu." Shi ya warware mini. Wai gidan rediyo da kuɗin talla yake ci. Masu motoci sun daina ciniki, sai suka daina ba da talla. Masu taya da masu batir da masu baƙin mai suka bi bayansu. Sai gidan ya sallami mutane, har da mai ɗaukar murya, har da direba, har matar da ke kai musu abinci ta kwashe tukwanenta. Ya ce, "Kin san shi ne?" Na ce a'a, ɗan unguwarmu ne.

A hanya na yi ta kuka cikin mayafi. Ashe duk fitar nan, masallacin bakin tasha kake zuwa ka zauna har la'asar don kada in gane.

Ya kamata in kira ka ɗaki in tambaye ka. Na sani. Amma tun kana zanin goyo ban taɓa zama na yi hira da kai ido da ido ba, haka aka tashe mu. Sau uku ina buɗe baki, sai in ji na ce, "An ajiye maka tuwo."

Shi ne na yi abin da na yi. Na kama zakarana, na soya waina cike da langa, na tafi Dogarawa wurin Alhajin da ka fi yi wa talla. Na tarar da shi a inuwa da mutanensa, motoci jere a rana, tayoyi sun kwanta, ciyawa ta fito tsakaninsu. Na ajiye langa, na zube gwiwa biyu a ƙasa. Na ce don Allah don Annabi ya mayar da tallarsa a sa yaron nan a bakin aiki. Bawan Allah ya miƙe tsaye, ya ce, "Subhanallahi, Iya tashi! Tun kafin azumi ban sayar da ko ɗaya ba. In tallata wa wa?" Bai karɓi zakaran ba. Shi ya tare mini keke napep.

Wallahi ban ga wanda ya ɗaga waya ba. Ban ma san ana ɗaukar mutum bai sani ba. Kafin kwana biyu duk Samaru an gan ni a waya a durƙushe da zakara a hannu, wai uwar mai talla ta je neman talla. Masu dariya suna yi, masu tausayi suna yi, kuma na san na tausayin ya fi yi maka ciwo.

Ka shigo ranar, ka tsuguna a bakin ƙofa, kanka a ƙasa. Abin da ka ce kawai, "Iya, har da durƙuso?" Ranar Alhamis ka ce za ka Kaduna neman aiki, ka ɗauki jaka ƙarama.

Daga baya aka ce ba Kaduna ka tsaya ba. Wai an gan ka a motar masu zuwa haƙar zinare cikin daji, can inda mutanen nan masu bindiga suke. Kai da ko rijiya ba ka taɓa shiga ba. Kai da hayaƙin murhu ke tayar maka da tari.

Yanzu ga abin da ya sa na ce a rubuta yau. Ɗazu mai unguwa ya aiko. Rami ya rufta da mutane a dajin, an kawo wasu asibiti, akwai gawar mutum ɗaya da ba wanda ya zo nema. Sun ce dogo ne, baƙi, yana da wushirya, kamar kai. Gobe da hantsi za a kai ni in duba. Maman Rahila ta ce masu wushirya suna da yawa a duniya. Na sani.

Ɗana. Ka ji, na faɗa, ɗana. Ba aiki nake nema maka ba yanzu, ba komai nake so ka kawo ba. Ka dawo da rigar jikinka, wainar nan za ta riƙe mu. In fushi kake, ka yi ta yi, ni na jawo, ka yafe mini. Ba sai ka yi mini magana ba. Ka ari wayar wani ka kira Maman Rahila, ka ce kai ne, ka kashe. Ka yi kafin hantsi. Kada ka bari in tsaya gaban gadon nan a ɗaga mini zane.

Ku kuma masu karantawa, duk wanda ya gan shi, don girman Allah ya kai masa.

Allah ya tsare mini kai, a sama kake ko a rami. Allah ya sa ba kai ba ne. Wanda ke kwance can kuma, Allah ya jiƙansa, ya ba uwarsa ƙarfin da ni ba ni da shi.

Na yafe maka duniya da lahira.

Taka,
Iya mai waina