Ki Zaga Birnin da Ƙafa, Ki Dawo Mini

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon fari, matar da ta haƙura da ni shekara talatin da shida ba wanda ya ba ta lambar yabo.

Gaisuwa mai yawa, irin wadda bakina ya kasa yi miki kwana huɗu ke nan, alhali rufi ɗaya ne a kanmu. Ina rubuta miki wannan ne a shago, a kan teburin nan mai gajeriyar ƙafa da na tokare da kwali. A gabana akwai takardun mutum uku masu neman biza, suna jiran in cike musu. Na ture su gefe. Su jira! Shekara goma sha biyu ina tura matan mutane ƙasashen waje da biro, yau tawa ce za ta tafi.

Jibi jirginki zai tashi. Za ki je wurin Auta ki ga jikanmu, a birnin da na yi karatu shekara uku ina saurayi, birnin da na cika miki kunne da labarinsa, na kuma yi alkawarin kai ki tun kafin a ɗaura mana aure. Ban kai ki ba. Mijin Auta ya ce zai biya mana mu biyu, na ce ba zan hau jirgi da aljihun suruki ba. Sai Auta ta ce a waya, "To Baba, ka bar mana Mama mana. Ga ɗaki mun gyara mata, ta zauna abinta ta huta da mitarka." Kina ninke zani kika ɗago kai, kika ce, "Mai Taswira, ka ji 'yarka. Me ka ce?" Ni kuma da wannan baki nawa da ya fi maɗaci ɗaci na ce, "Ki zauna mana, wa ya riƙe ki?" Kika ci gaba da ninke zaninki. Amma washegari na ga kin ƙara kayan sanyi a akwati, kayan da mai zaman wata uku ba ta buƙata, kin kuma sauke hoton mahaifiyarki daga bango. Tun ranar nake kallon ƙusar da ya bari.

Ba ni da dukiyar da zan ba ki guzuri, ke ma kin sani. Mutanen gwamnati sun tura ni na koyo tsara birane, na dawo na zana musu, suka sa zanen a durowa, daga baya suka sa ni a waje. Amma akwai ilimi ɗaya da na samo can wanda ba a ƙwace ba: yadda talaka yake ganin birnin masu kuɗi ba tare da an yi masa tsirara ba. Na kuma san halinki. Auta da mijinta za su wuni a asibiti wurin aiki, ke kuwa ba za ki buɗe baki ki tambayi yaro kuɗin mota ba ko za ki mutu. Da 'yan kuɗin ɗinkinki za ki fita. To saurara, hasken gidana.

Kada ki canza kuɗi a filin jirgi sai ɗan abin shan shayi. Masu canjin wurin murmushinsu ya fi na kowa faɗi, askarsu ta fi ta kowa kaifi. Ki bari sai cikin gari. Tasi kuwa ki ɗauke ta kamar zakin gidan namun daji, a kalla daga nesa a wuce. Akwai tikitin mako guda da ke hawa da ke bas da jirgin ƙarƙashin ƙasa duk sau nawa kika so. Shi za ki saya ranar farko. Sai dai in kin shiga ki tabbata kin nuna wa na'ura shi ta buga. Ni a makona na farko ban sani ba, na zauna da tikitina sabo fil a aljihu ina hura hanci, wani mai duba tikiti da gashin baki kamar tsintsiya ya ci ni tara. Kwana tara na yi ina cin burodi da ruwan zafi ina kiransa shayi. Na ji an ce yanzu kati ne ake dangwalawa. Ki tambayi Auta, don ilimin nawa ya kusa shekara arba'in, ya fara furfura kamar mai shi.

Za ki ga wata bas marar rufi cike da baƙi, kowa da kyamara, ana yi musu bayani ta lasifika kamar ana tallan magani. Ki bar su. Ki nemi bas ɗin ma'aikata da ke bin gefen kogi tun daga babbar tasha har ƙarshen gari. Hanya ɗaya suke bi, kuɗin kuma ko kusa ba su haɗu ba. Ki shiga da sassafe kafin 'yan yawon buɗe ido su gama karin kumallo, ki zauna gaba ta wajen taga. Wayyo, ina ma in ga wannan! Rana tana fitowa a kan ruwa, ke kina kallonta da idanun nan naki masu kama da tafki bayan ruwan sama. Wane kogi ne ba zai rage gudu ba don ya dube ki? Wace gada ce ba za ta yi alfahari kin haye ta kanta ba? Sun ga sarakuna da mayaƙa, amma ba su taɓa ganin macen da ta ciyar da gida shekara shida da keken ɗinki ɗaya tana waƙa ba.

Sauran kuma da ƙafa, don birni ba ya karɓar kuɗi a wurin mai tafiya a ƙasa. Saboda haka, don Allah, ki bar takalmin nan da ƙanwarki ta kawo miki, mai tsini kamar bakin zalɓe. Na ji tana cewa, "Yaya, kada ki je ki ba mu kunya a gaban Turawa." Ba wanda zai dubi ƙafarki, kowa ta kansa yake yi. Titunan tsohon gari duwatsu ne aka jera, suna cin dunduniya. Ki ɗauki tsohon baƙin nan naki da ya san ƙafarki kamar yadda na san tarinki daga bayan ƙofa. Kada kuma ki ce sai kin gama gari a kwana biyu. Wuri ɗaya a rana ya isa. Idan kin gaji, lambunan gari kyauta ne, bencinsu kyauta ne, ɗakin karatu na jama'a ma kyauta ne, ga ɗumi, ga banɗaki mai tsabta. Kada ki yi dariya, a can har banɗaki biya ake yi. Gidajen tarihi kuwa yawancinsu suna da ranar da ba a biya. Auta ta duba miki a waya, ki je da wuri kafin layi ya yi jela.

In yunwa ta kama ki a babban dandali, kada ki zauna. Duk gidan abincin da ya liƙa hotunan abinci a ƙofa, ya kuma ajiye mutum yana kiran masu wucewa, kujera yake sayarwa. Ki koma layi biyu ko uku ta baya, ki nemi inda masu gyaran hanya da direbobi suke ci da kayan aikinsu a jiki. Idan kin yi shakkar nama, ga kifi, ga ƙwai. Masu burodi suna karya farashi dab da rufewa, haka masu kayan marmari a kasuwa. Ki riƙe gorar ruwa ki dinga cikawa a famfo. Jakarki ta zauna a gaba, kuɗin kashi biyu, adireshin Auta a takarda cikin aljihu, don waya takan mutu lokacin da aka fi buƙatarta. Wanda duk ya miƙo miki fure ko ya ce zai ɗaura miki zare a hannu kyauta, ki yi masa kallon nan da kike yi mini in na ce miya ta yi gishiri. Zai gudu. Ni da nake mijinki ma gudu nake yi.

Tsaraba kuwa, na ga takardar da matan layinmu suka rubuta miki, ta fi takardar kasafin gwamnati tsawo. Kada ki sayi ko allura kusa da wuraren da baƙi ke taruwa. Ki je kantin da mutanen unguwa ke sayayya, ki kwaso sabulu da alewa, kowa ya samu. Wadda ta raina ta hau jirgi da kanta.

Yanzu kuma ga maganar da na daɗe ina kauce wa. Duk abin da na faɗa miki na tsimi ne, amma akwai wuri ɗaya da nake so ki biya ko nawa ne. A tsakiyar tsohon gari akwai hasumiya mai agogo. Kin san ta. Kin tuna yammacin da muka zauna a benci a ƙofar gidanku, kina ɗinka maɓalli a rigar babanki, ni kuma sanye da kwat a cikin wannan zafi don in burge ki? Na ba ki labarin yadda ake ganin duniya daga samanta: kogi kamar zaren azurfa, rufin gidaje ja kamar garwashi, jiragen ruwa kamar ɓawon gyaɗa. Kika ajiye allura kika ce, "Kai! Har tsuntsaye a ƙasanka?" Na ce har tsuntsaye. A ranar na ga wani abu ya kunnu a idonki, na kuma san na samu mata.

Masoyiyata, ban taɓa hawanta ba. Shekara uku ina zuwa ƙofarta, in karanta farashi, in ce kuɗin abincin kwana biyu ne, in ce wata mai zuwa. Har na hau jirgin dawowa watan bai zo ba. Abokin ɗakina ne ya hau, wani dogon ɗalibin likitanci mai surutu, ya dawo ya hana ni barci da labari, ni kuma na haddace na kawo miki. Wataƙila ma kin daɗe da ganewa. Na tuna ranar da na ce gadoji tara ake hangowa, kika ce, "A da bakwai ne, ko sun haihu?" kika ci gaba da yanka albasa. Ba ki taɓa tona ni ba, ko a gaban yara.

Tun da na sauke wannan a takarda nake ganin ba hasumiya kaɗai na yi wa haka ba. Haka na yi rayuwata, a bakin ƙofa ina karanta farashi. Da suka kore ni na rufe kaina, na ce ba zan sake neman komai a wurin kowa ba, don kada a ce mini a'a. Na zagi gwamnati, na zagi abokan karatuna da suka yi tumbi, na zagi rediyo. Ke kuma kina nan kusa kamar bishiyar lemo a tsakar gida, kina fure kina 'ya'ya, ni ina zaune ƙarƙashinki ina ƙorafin rana. Wane irin mai ilimi ne wannan? To ki hau. An ce yanzu akwai na'urar ɗaga mutane, gwiwarki ba za ta sha wahala ba. Ki je ranar da sama ta washe, ki tsaya har ki ƙoshi, ki ƙirga gadojin da kanki. A gidanmu a samu mutum ɗaya da ya gani da idonsa.

Saura magana ɗaya, ita ce kuma ta fi tsada. Kin tambaye ni me na ce, na ba ki amsar wawa. Ga ta gaskiya: ni na riƙe ki. Da hannu biyu na riƙe ki, girman kai ne ya hana ki ji. Ba ni da abin da zan gwada da ɗakin da suka gyara miki. Can akwai jika mai ƙanshin madara, nan akwai tsoho mai tari da mita. Ba zan yi miki ƙaryar zan zama zuma ba, kin san itacen da kika aura. Abin da zan iya shi ne in kashe rediyo lokacin karin kumallo, in kira mijin Auta in ba shi haƙuri da bakina, in kuma riƙa tambayarki yadda kika kwana kafin in gaya miki yadda ƙasa ta lalace.

Idan wata uku bai ishe ki ba, ki yi huɗu. Ki yi biyar, yaron ya fara zama a hannunki. Amma kafin ki shiga jirgi jibi, ki faɗa mini ranar dawowarki. Ko a kunne, ko a bayan wannan takarda ki bar ta ƙarƙashin kofina. Shekara ashirin ke nan ban jira komai daga kowa ba. Ki ba ni rana ɗaya in jira.

Naki tun kina ɗiyar babanki, naki yau da bakinsa ya ja masa, naki har ranar da za a ɗauke shi a kafaɗa, ba kuma zai san wata ba ko a mafarki,

Mai Taswira.