Iskar da Ka Bar Mana a Zaure

Zuwa ga maigidana, Abban Ilham,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamata daga mace zuwa ga mijinta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu a nan Gaya lafiya muke, sai kewarka. 'Yarka Ilham ta ƙara aji a Islamiyya. Innata tana Toranke tana fama da gwiwa kamar yadda ka bar ta. Damina ta yi kyau, gyaɗa ta rufe ƙasa.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kake. Na kuma san mutane za su karanta wannan a shafina, wasu su ce matar nan ta rasa abin yi wa kuka sai tayar mota. Su faɗa. Kai dai ka san zancen, tunda kai ka fara shi, ka tafi ka bar ni da ƙarashensa.

Ka tuna ranar da ka shigo unguwa da motar nan? 'Yar ƙarama, fara, ta hannu, ba ta shan mai sai caji, ba ta kuma da ƙara ko kaɗan. Sai da ka danna hon muka san ka iso. Ƙaninka Auwalu ya zagaya ta ya ce, “Yaya, wannan ai firji ce aka yi wa ƙafa.” Kai kuwa ka nuna masa farantan solar da ka jera a kan rufinmu, irin waɗanda kake kafa wa mutane, ka ce, “Ga gidan maina can, kuma ba a layi.” Ni ka saya wa ita, don ka gaji da ganina a tasha ina jiran bas ta cika, alhali mata na naƙuda a ɗan asibitin da nake aikin ungozoma a Ajingi. Kai ka koya mini tuƙi a filin makaranta, kana riƙe da ƙofa kana salati kamar na ce zan kai ka lahira.

Aibinta ɗaya, gajeriya ce. Tayoyin da ta zo da su sirara ne, an yi su don titin da ba namu ba. Duk ranar da muka bi hanyar Toranke sai cikinta ya gogi ƙasa, batirin kuma a nan ƙasan yake kwance. Ina kallonka kana runtse ido kamar kai aka karta. Da damina ta matso sai ka je Kano ka dawo da rim huɗu, ƙarafunan da ake ɗora taya a kai, da tayoyi masu kauri, ka kafa jak a ƙofar gida, ka sauya su da hannunka.

A ranar ka kira ni ka nuna mini bawul ɗin tsohuwar taya, wurin da ake ba ta iska. Ka ce daga ciki akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce girman dabino ba, sensa, ita ke gaya wa motar yawan iskar da ke cikin kowace taya. Sababbin ba su da ita. Ka ce ranar Asabar za ka kai wa Ɗanlami mai faci ya cire su daga tsofaffin ya mayar cikin sababbin. Na yi dariya, don na san Asabar ɗinka. Kantar kicin da ka yanko katakonta ka jingine a bango ita ma Asabar aka yi mata alkawari, tun Ilham tana rarrafe.

Kafin ka shigar da tsofaffin zaure sai ka ɗauko famfon nan naka na ƙafa ka hau ba su iska ɗaya bayan ɗaya. Na ce wane irin aikin banza ne wannan, tayar da ta yi ritaya? Ka ce, “Abin da ya yi maka bauta ba a ajiye shi da yunwa.” Ilham ta nace sai ta taya ka. Ta hau famfon ta yi tsalle, ta yi tsalle, ko motsi bai yi ba. Sai ka ɗora ta a kan ƙafarka, kuna sauka kuna tashi tare, tana ƙyalƙyala dariya, gumi na ɗiga daga gemunka. Ina bakin ƙofa da tsintsiya a hannu ina cewa ku yi ku gama abinci na hucewa.

Ranar Alhamis ka ce kanka na sara. Juma'a muna asibiti a Kano, ba ka gane kowa. Asabar ɗin da ka yi wa Ɗanlami alkawari, ita aka ɗauke ka a makara.

Duk tsawon takabata motar tana ƙarƙashin rumfa, jikin bangon zaure, Auwalu yana zuwa yana duba cajinta. Ranar da na koma aiki na shiga na tayar da ita, komai lafiya. Ina barin gari kaɗan sai wata wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a allon da ke gaban sitiyari, zanenta kamar tukunya da ɗan tsinke a tsaye a tsakiya. Na sauka na zagaya, na daddanna tayoyin, kowace tana nan tam. Haka na je na dawo da ita a kunne. Washegari da safe na kunna motar a gida, ba a jima ba wutar ta mutu da kanta. Na fita, ta dawo. Kullum haka, har Ilham ta sa mata suna tukunyar Abba.

Ɗanlami ne ya warware mini. Ya ce motar ba ta san an canza mata ƙafafu ba. Idan tana gida tana jiyo sensocin nan ta cikin bango, sai hankalinta ya kwanta. Da ta yi nisa sai ta neme su ta rasa. “Hajiya,” in ji shi, “motar nan tsofaffin ƙafafunta take cigiya.” Shi bayanin aiki yake yi mini, bawan Allah. Ni kuwa da ƙyar na kai bayan tasha, na kifa kaina a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba tun ranar uku.

Auwalu ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Ya sayo wasu sensoci a Kano, aka saka, motar ta yi kunnen uwar shegu da su. Ya mayar ya karɓo wasu, aka kai ta wurin wani mai kwamfuta ya yi ta latse-latse, nan ma shiru. A ƙarshe mutumin ya ce motar daga wata ƙasa aka shigo da ita, na kasuwarmu ba irin nata ba ne, suna magana amma ba ta jin su. Irin nata sai an yi odarsu daga waje, kuma ba wanda zai rantse cewa waɗanda za su zo su ne daidai. Waɗanda aka tabbatar tana ji guda huɗu ne kawai, kuma suna zaurenmu. Sai dai ba a isa gare su sai an sace iskar tayar an ɓamɓare ta daga rim.

Na ce a'a. Auwalu ya tambaye ni dalili, na ce ba ni da lokaci. Ya sake tambaya bayan kwana biyu, na ce ya fita harkata, ka san bakina idan raina ya ɓaci. Kai zan gaya wa dalilin. An raba rigunanka, an ba da takalmanka, kayan aikinka suna wurin yaran shagonka. Ƙamshin turarenka ya bar matashin kai tun ban shirya ba. Duk gidan nan abin da ya rage wanda ƙarfin jikinka ya yi, kuma yake nan yadda ka bar shi, iskar nan ce. Ƙafarka ce ta tura ta ciki, da Ilham a kai.

Ba sai an yi mini wa'azi ba, a gidan malamai na tashi. Na san iska iska ce, ba ruhinka ba ne, astagfirullah. Amma ilimi daban, zuciya daban. Da safe kafin in fita nakan zauna a motar in jira allon ya nuna lambobi huɗu na yawan iskar tayoyi, ina sane da cewa ba na tayoyin da ke ƙarƙashina ba ne, na zaure ne. In gan su sai in ji kamar an amsa mini sallama. Na kuma lura suna raguwa kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, na yi kamar ban gani ba.

Wutar kuwa na saba da ita har na daina kallonta.

Makon jiya muka tafi Toranke duba Inna, ni da Ilham, bayan an kwana ana ruwa. Ashe ƙusa ta shiga tayar gaba tun ban san ina ba, iska na fita a hankali. Da sensocin suna inda ya kamata, da tun farko motar ta gaya mini. To tukunyar tana kunne tun daga Gaya kamar kullum, ba ta da wani sabon abin da za ta faɗa. Ka san motar da nauyin batir, ga laka. Na ji sitiyari na ja na gefe, na ɗauka santsi ne. Muna hawa kwalbatin nan na kafin gari sai ta kufce mini gaba ɗaya. Da na samu ta tsaya, taya ɗaya tana leƙen ruwa.

Ilham ta bugu da gilashi, goshinta ya kumbura. Ba ta yi kuka ba, Abban Ilham, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ta yi ta ce, “Umma, tukunyar ba ta gaya miki ba? Abba ya ce tana faɗa in taya ta ji yunwa.” Manoman da ke kusa ne suka zo suka turo mu.

Da muka isa Inna ta shafa wa goshin man zafi, yarinyar ta yi barcin rana. Sannan na gaya mata komai, har zancen iskar. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce, “Ke fa ungozoma ce. Kin taɓa barin cibiya ba ki yanke ba don kina tausayin uwar?” Daga nan ta tashi ta tafi alwala, tana jan ƙafa.

Asabar na zaɓa. Na ce tunda kai ka sa ranar, bari a cika maka alkawari ko da a makare. Ɗanlami ya zo gida da kayansa. Na ce masa iskar ni zan sace da hannuna, bai tambaye ni dalili ba, ya miƙo mini ɗan makullin da ake kwance zuciyar bawul da shi. Na durƙusa a zaure na murɗa. Iskar ta fito da ƙarfi, da sanyi, da warin roba. Ilham ta tara tafukanta biyu, sannan ta kai fuskarta, iskar tana kaɗa mata hijabi, ta rufe ido. Ban ce mata komai ba game da ranar da kuka ba su iska, ashe ba ta manta ba. A kan taya ta ƙarshe ta ce, “Umma, a hankali.” Na sassauta, muka bar ta tana fita siririya har ta yi shiru. Ɗanlami ya juya mana baya yana ta neman wani abu a akwatinsa, bai same shi ba sai da muka share fuska.

Ga sensocin nan kuwa kamar yadda ka ce, kamar dabino, baƙaƙe, ba su cika tafin hannu ba. Ya mayar da su cikin sababbin, ya ɗora tayoyin da injinsa. Da ya zo cikawa na ce ya dakata, na shiga na ɗauko famfonka. Ilham ta cire takalmi ta hau ita kaɗai. Ya sauka, Abban Ilham. Ta taka ya sauka, ta ɗaga ya tashi, ba ƙafar kowa a ƙarƙashin tata. Ta juyo tana murna tana neman wanda za ta nuna wa, sai ni.

Ranar Litinin na kama hanyar Ajingi. Na wuce inda wutar ta saba kamawa, ba ta kama ba. Na ƙara gaba ina satar kallon allon, lambobi huɗu suna nan daidai, na tayoyin da nake kai. An gyara mota, 'yarka za ta shiga ba fargaba, abin da ya kamata ke nan, kuma da kana nan da tuni ka yi. Amma ni na gangara gefen wata gonar gyaɗa na tsaya. A duk garin nan ni da motar, mu biyu ne muke fita kullum muna cigiyar abin da muka baro a gida, yanzu ita ta daina. Ranar na makara a aiki, ba wanda ya ce mini don me.

Tsofaffin tayoyin suna zaure, a kwance, ba iska. Ka yafe mini, na ajiye su da yunwa. Katakon kantar kicin kuwa yana nan a jingine inda ka bar shi. Auwalu ya ce zai kafa mini, na ce kada ya kuskura. Shi katako ba ya jefa kowa a kwalbati, don haka zai ci gaba da jiran Asabar ɗinka.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabarinka, ya sanyaya shi fiye da yadda ka sanyaya mana rayuwa. Allah ya sa duk matar da motar nan ta kai ni wurinta a kan lokaci, ladan ya iske ka. Ya raya mana Ilham a kan tafarkin da kake so, ya ba ni haƙurin da har yau ban samu ba, ya haɗa mu a gidan da ba a rabuwa. Amin.

Taka har abada,
Umman Ilham,
daga Gaya.