Motar da Ba Ta Iso Shetimari Ba

Arlit, ranar Juma'a

Zuwa ga Yaya Kellu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya Inna da takaba? Allah ya ji ƙan Baba, ya ba mu haƙuri.

Ni lafiyata lau, sai dai aiki. Na nemi izini in zo gaisuwa, shef, wato shugabanmu, ya ce, "Fannami, kai ka sa hannu. An biya maka karatu, shekara biyar ɗin nan ta aikin motar ambilas ce." Sai na koma bakin aiki.

Kin tuna lokacin da na samu bursin nan, wato tallafin karatu, Baba ya zagaye Shetimari yana cewa ɗansa zai kawo motar ɗaukar marasa lafiya gida? Ni ma haka na zata, sai aka turo ni nan arewa.

Ranar da Baba ya faɗi a gonar tattasai kika kira ni, ina zaune cikin motar, ga mai, ga iskar numfashi, babu mara lafiya ko ɗaya. Ina gaya miki yadda za ki danna ƙirjinsa, ke kina kuka kina neman wanda zai kai shi Diffa. Kin yi duk abin da na ce, Yaya. Kada ki ɗora wa kanki laifi.

Na ji ƙanenmu Kalli yana son neman bursin bana. Ba zan hana shi ba, aikin akwai lada. Amma ya tambayi inda za a kai shi kafin ya sa hannu. Ni ban tambaya ba.

Ki gaishe mini da Inna.

Ƙanenki,
Fannami