Koriyar Tutar Kawu

Kawu,

Kafin ka tashi na yi nisa. Na tafi da jar tuta, koriyar tuta, usur da rigarka mai ƙyalli.

Jiya a wurin aikinmu na gyaran titi, hannu ɗaya kawai muka buɗe, motocin wancan ɓangaren suna tahowa, kai kuma kana tsare da na wannan ɓangaren. Ka hango abokinka direban tirela cikin masu jira, ka ɗaga masa hannu. Hannun da koriyar tutar take ciki. Ya amsa gaisuwa, ya kuma taho. Taku uku ya rage tsakaninsa da bas cike da mutane. Na auna.

Ka ce mini, "Ɗan nan, a can inda ka yi karatu ba a gaisawa ne?" Ana gaisawa, Kawu. Ba da tuta ba.

Kada ka kai ƙarata wurin Umma. Na riga ka.

Ka huta yau. Gobe ka zo ka jera robobin tare hanya, ka gaida duk wanda ka so.

Na ja maka ƙofa. Tuta kuwa, ba za ka sake riƙe ta ba.

Ɗan ƙanwarka