Muƙamuƙin Malam Mai Ludayi

Mount Hope, Bronx
Watan Oktoba

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Huda da yaranta da duk mutanen gidanmu na Damagaram. Yaya ciwon gwiwa? Mu ma lafiya lau. Jikarki Zahra tana gaishe ki, ko da yake gaisuwar tata rabi Hausa ce rabi Turanci.

Takarda na zaɓa, Inna, don na daina yarda da saƙon murya. Mutum ya yi wa uwarsa magana da safe, kafin azahar ya ji muryarsa a wayar wani a Kano. Huda za ta karanta miki. Ke kuma Huda kar ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki.

Na ji maƙwabta sun kawo miki bidiyon surukinki, har kin kasa cin abinci. To ga yadda abin yake. Kin san Baban Zahra ɗan kama ne gaba da baya. Sauran ranaku tasi yake tuƙawa, amma Asabar da Lahadi babu suna ko bikin Hausawan nan da ba a kiransa, na 'yan Nijar, na 'yan Najeriya, har na 'yan Zangon Gana. Sai ya naɗa rawani kamar kwando, ya riƙe ludayi, ya zama Malam Mai Ludayi, malamin da ke shiga gidan suna ya haramta kiɗa, ya haramta hoto, ya haramta dariyar mata, idonsa kuwa yana kan tiren kaza. Yana da wani zare da ya jera busasshiyar kuɓewa, yana ja yana lissafa sunayen miya. Wallahi babu aya a ciki, babu sunan Allah, babu na Manzonsa. Masu cin abinci da addini yake zolaya, kuma malaman kirki su ne kan gaba wajen dariya.

Wani ne ya yanko wurin jan kuɓewar kaɗai, ya rubuta a kai wai Souley direba yana izgili da zikiri. Wani mai wa'azi a waya, wanda ko a Amurka ba ya zaune, ya ɗauka ya yi ta kumfar baki, har ya ce a New York babu maza ne? Ai mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tun ranar wayarmu ba ta huta ba. Zagi, tsinuwa, har da hoton ƙofar gininmu. Abin da suke so ɗaya ne: ya fito a bidiyo ya ce ya zagi addini, ya tuba, ya rantse ya bar wasa har abada.

Kin ce in roƙe shi ya yi. Na roƙa, Inna, har da kuka. Limaminmu Malam Lado ma ya ce ya yi don a zauna lafiya. Amsar da Baban Zahra ya ba mu ce ta rufe min baki. Ya ce idan ya faɗi da bakinsa cewa ya zagi addini, ya yi wa kansa shaidar zur, kuma ya miƙa wa mai neman jininsa hujja a hannu. Ya ce duk wanda ransa ya ɓaci ya zo, ƙofa a buɗe take.

An kuwa zo. Wani dattijo, Alhaji Yussif, ya hau benenmu da sandarsa, ya zauna ya ce shi zaren nan ya yi masa kama da carbi, kuma abin ya sosa masa zuciya. Baban Zahra ya durƙusa ya zuba masa shayi, ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ɗauko zaren ya tsinke shi a gabansa, ya ce in sa kuɓewar a miya. Ya ba shi haƙuri, suka rabu da addu'a. Ina bakin kicin ina kallo, kuma ba zan ɓoye miki ba, ban taɓa ganin girman mijina kamar ranar ba.

Ki ci abinci don Allah. Ki gaida Huda da maigidanta.

'Yarki,
Aminatou

Mount Hope, Bronx
Watan Nuwamba

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kowa lafiya. Kafin komai: surukinki yana raye, yana gida, yana tafiya da ƙafarsa. Huda, ki maimaita mata wannan layin sau biyu kafin ki ci gaba.

Ranar Talata ce bayan la'asar, ya ajiye mota a kusa da titin Grand Concourse zai shigo gida. Samari suka tare shi, rana tsaka, mutane na wucewa. Ba su taɓa waya ba, ba su taɓa aljihu ba. Bakin kawai suka nufa. Ina shagon kitso, kan wata mata a hannuna, aka kira ni. Na bar ta da rabin kai a tsefe, ban ma san na fito ba takalmi ba sai da na ji sanyin titi.

Muƙamuƙin ya karye wuri biyu. Likitoci sun ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da wayar ƙarfe, sun ce sai ƙashin ya haɗe za su kwance. Ba magana, ba tauna. Ki duba ikon Allah, Inna: mutumin da duk sana'arsa kirarin tuwo ce, yau kunu yake zuƙa da bututun roba. Na niƙa masa miyar kuka da kaza a injin markaɗe, ya kalli kofin, ya rubuta min a waya wai wannan bidi'a ce. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta juye kuka.

'Yan sanda sun kama biyu. Abin da ya fi ƙona min rai, yaranmu ne, haihuwar nan. Ɗaya na san uwarsa, muna haɗuwa a wurin sayen kifi. Yaron ko gaisuwa ba ya iya kai wa ƙarshe da Hausa. To me ya ji a bidiyon? Rubutun Turancin da aka liƙa a kai ya karanta, shi ke nan ya zama mai kare addini. Shi kuma mai wa'azin yana can ƙasarsa yana shan shayi, 'ya'yansa na lakwal suna karatu lafiya lau. Allah ya isa!

Kin aiko cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Inna, ina girmama maganarki, amma wannan ba ruwa ba ne, mutane ne da hannaye, kuma su suka zaɓa su ɗaga su. Bayan dukan ma sun sake aiko saƙo, wai tunda baki ya rufe, ya rubuta tubar a takarda ya ɗaga. Ya karanta, ya girgiza kai a hankali don kar ya fama ciwon. A wannan karon ban roƙe shi ba.

Sai dai gari ya yi shiru. Waɗanda suka kira shi biki tun kafin abin ya faru duk sun janye, kowa da uzurinsa. Ba na ganin laifinsu sosai, kowa yana da 'ya'ya. Amma idan ya zauna a bakin taga ranar Asabar yana kallon titi, sai in ji kamar su suka ci.

Ki sa mu a addu'a. Zahra ta ce a faɗa miki ta fara azumin Litinin saboda babanta.

'Yarki mai ƙaunarki,
Aminatou

Mount Hope, Bronx
Watan Disamba

Zuwa ga Innata,

Ina gaishe ki da kyau, da Huda da yara da maƙwabta, har waɗanda ke kawo miki bidiyo. Ina fata sanyi bai matsa wa gwiwar ba. Mu nan ƙanƙara ta fara.

Ki gyara zama, yau labarin nawa ne.

Akwai wata Hajiya Zalia, 'yar Zangon Kumasi, mai sayar da atamfa a unguwar Morrisania. 'Yarta ta haihu. Ta zo gidanmu da kanta ta ce tana son Malam Mai Ludayi a sunan jikanta. Na ce Hajiya, ba ki ga bakin a ɗaure ba? Ta ce ta gani, ko tsayuwa kawai zai yi ya zo ya tsaya, ita ba za ta yi suna kamar zaman makoki ba don wasu marasa kunya. Bayan ta fita, da na ga Baban Zahra ya yarda, na yi masa faɗa kamar zan ari baki. Na ce so yake ya mai da ni bazawara a ƙasar mutane. Sai ya je ya ɗauko rawanin ya ajiye a kan allon guga.

Na goge. Muka tafi.

Zauren ya cika, an ci an sha. Da mai kiɗa ya sanar da shi, sai wuri ya yi tsit. Ya fito da rawaninsa da ludayinsa, duk ya rame, rigar tana yawo a jikinsa. Ya yi tafiyar malamin, ya zauna, ya harari mata, ya saci kallon tire. Ya ɗaga ludayi daidai wurin da wa'azin ke farawa. Sai babu komai. Ya sake ɗagawa. Wata a bayana ta ce wayyo, bawan Allah. Na duba fuskoki, babu mai dariya, duk tausayi ne. Inna, da dukan da tausayin nan, ban san wanda ya fi min ciwo ba.

Kin san ni, ko a bikina ban ɗaga murya ba. Amma shekara da shekaru a kicin ɗina yake gwada wasan nan ina yanka albasa, babu kalmar da ban haddace ba. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na je na karɓe makirfo a hannun mai kiɗa, na tsaya a bayan mijina, na kumbura murya irin ta malamin, na ce: “Jama'a, cinyar kaza makaruhi ce ga jahili, ku turo ta nan a yi mata bincike!”

Ya juyo ya kalle ni. Kallo ɗaya. Sai ya juya ya miƙa ludayin wajen tiren, yana kaɗa kai kamar mai bakin ciki da halin al'umma.

Hajiya Zalia ce ta fara fashewa, sai zauren ya ɗauka. Ni ina magana, shi yana hannu da ido da gira. Da muka zo wurin amshi ban ma buɗe baki ba, mata da maza suka amsa da kansu, ashe kowa ya iya. Na hango Alhaji Yussif yana share ido da hularsa. Shi kuwa Baban Zahra dariya ta kama shi, wayar bakinsa ta hana ta fita, hawaye na zuba, kafaɗunsa na rawa. Har yau ban sani ba ko na zafi ne ko na daɗi, kuma ban tambaya ba.

Wayoyi sun tashi sama kamar yadda suka saba. Na gan su sarai. Na yi tunanin jan mayafi in rufe fuska, sai na ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na kalle su na ƙarasa wasan har ƙarshe.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ba na tsoro ba. Washegari saƙo ya shigo, kuma wannan karon da sunana aka aiko shi. Na kai wa 'yan sanda. Yanzu matan shagonmu ne ke zuwa su raka ni aiki su dawo da ni, Hajiya Zalia a gaba da lemarta. Likita ya ce bayan sabuwar shekara za a kwance masa wayar bakin. Gayyata biyu ta riga ta zo, kuma duka biyun sun ce har da ni.

Na san bidiyon zai riga takardar nan isowa. Za su shigo miki har ɗaki, su kara miki waya a fuska, su tambaye ki ko wannan 'yarki ce. Ina roƙonki abu ɗaya, Inna. Kar ki sunkuyar da kai, kar ki ce sharrin Amurka ne. Ki ce musu e, taki ce, ke kika haife ta.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Surukinki ya ɗaga hannu, ya ce gaisuwarsa ke nan.

'Yarki,
Aminatou